Gyara a Gefen Shafi: Marubutan Agadas Daga Zamanin Alƙalami Zuwa Na'urar Hoto

Duk wanda ya kwance gafaka ya zaro tsohon littafin hannu irin na ƙasar Abzin, da wuya ya gama shafi biyu bai ci karo da wani rubutu a gefen takarda ba. Wani lokaci kalma ɗaya ce, wani lokaci jimla guda da aka rubuta a karkace ta haura sama, a ƙarshenta kuma ga haruffa biyu, sadi da ha, waɗanda ake karantawa "sahha". A cikin layin akwai ɗan ja siriri mai lanƙwasa, yana nuna daidai gurbin da maganar ta faɗi. Mai kwafi ne ya tsallake, aka gano, aka maido, sannan aka sa shaida cewa haka abin yake a littafin asali. Kuskuren yana nan ana gani, gyaran ma yana nan ana gani.

Wannan sana'a ta gyaran rubutu ta daɗe a Agadas kusan daɗewar garin kansa.

A farkon ƙarni na 15 aka kafa sarautar Abzin, kuma jerin sarakunan da ke hannu ya fara ne da Yunus, wajen shekarar 1405. Kafin tsakiyar ƙarnin, a zamanin Sarki Ilisawan, fada ta zauna a Agadas. Garin ya samu kansa a mahaɗar hanyoyi: ayarin Gat da Gadamus da Tarabulus daga arewa, hanyar Gawo daga yamma, gishirin Bilma da Fashi daga gabas, Katsina da Kano kuma daga kudu. Inda fatake suka bi, malamai na biye. A yankin Tigidda, garin Anu Samman ya fitar da malamai irin su Al-Aƙib, wanda Ahmad Baba na Tambutu ya kawo tarihinsa a cikin manyan malaman Malikiyya. Shehu Magili ya ratsa Abzin a farkon shekarun 1490 kafin ya isa Katsina da Kano. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Takrur, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammad ɗan Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim da suna. Garin da ake aiko wa wasiƙa daga Masar, lalle akwai masu karanta ta, da masu kwafe ta su aika gaba.

A zamanin da Askiya Muhammad na Songhai ya kawo yaƙi Agadas, wajen 1515, aka gina babban masallacin da ake jingina wa Shehu Zakariyya. Hasumiyarsa ta ƙasa, mai tsayin mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, ita ce alamar garin har gobe. A ƙarni na 18 kuma Malam Jibril ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zo da ɗalibin nasa har Agadas. Daga nan malamin ya wuce hajji, ya mayar da Shehu gida saboda bai taho da izinin mahaifinsa ba. Malam Jibril ya sadu da Murtada Zabidi a Alƙahira, ya dawo da ijazozi da littattafai. Ijaza kuwa ba takardar ado ba ce. Tana nufin an karanta littafin a gaban malami, ya saurara, ya tsayar da ɗalibi a duk inda harshe ko alƙalami ya karkace.

Takarda da tsada, kuskure da sauƙi

Dalili na farko da ya sa gyara ya zama sana'a shi ne tsadar takarda. Ba a yin ta a nan. A wancan zamani daga Italiya take fitowa, ta sauka Tarabulus, ta hau raƙumi ta ƙetare sahara. Idan aka ɗaga yawancin takardun ƙarni na 19 a hasken rana, za a ga tambarin jinjirin wata uku a jikinsu, da yawansu kuma daga masana'antar iyalin Galvani ne da ke Pordenone. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya kwana kusan mako uku a Agadas a watan Oktoban 1850, ya ga irin wannan takarda mai wata uku ana sayarwa a kasuwar Kano. Takardar da ta yi watanni a bayan raƙumi, ba mai yaga ta don ya tsallake kalma. Sai dai a gyara a kanta.

Sauran kayan aikin na gida ne. Alƙalami na kara, an fiƙe shi da wuƙa an tsaga bakinsa. Baƙar tawada daga gawayi ko kunkunniya da ƙaro, a cikin kurtu. A Alƙur'ani kuma babbaƙu da baƙi, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, bisa ruwayar Warshu da ake karatu da ita daga Maroko har Borno.

Kuskuren mai kwafi iri-iri ne, kuma malamai sun san kowanne. Akwai tsallake, inda layi biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya, ido ya ɗago daga na farko ya sauka a na biyu, abin da ke tsakani ya salwanta. Akwai maimaici. Akwai ɗigon da ya sauka a kan harafin maƙwabci. Mafi haɗari shi ne na mai kwafin da ya ga kalmar da bai sani ba, ya ɗauka kuskure ce, ya musanya ta da wadda ya sani. Na farko ana gane shi domin magana ba ta tafiya. Na ƙarshen kuwa magana na tafiya sumul, sai dai ba ta mawallafi ba ce.

Maganin duka shi ne muƙabala. Mutum biyu su zauna, ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe sabon kwafi, wannan na karantawa da ƙarfi, wancan na bi da yatsa. Inda suka tsaya a yau sai a sa alama a gefe cewa muƙabala ta iso nan, gobe a ɗora. Almajirin da ya kai allonsa gaban malam don darasu yana kan matakin farko ne na wannan aikin. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya miƙa wa gwanaye su bi shi ɗigo-ɗigo, yana kan na ƙarshe.

Ƙa'idojin ba a Abzin aka ƙirƙire su ba. Malaman hadisi ne suka tsara su, kuma daga cikin waɗanda suka rubuta su dalla-dalla akwai Alƙali Iyal na Sabta, wanda ya rasu a 1149, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. A wani littafinsa, Al-Ilma'u, ya yi bayanin yadda ake shigar da abin da aka tsallake, da yadda ake soke abin da ya yi yawa. Malaman sun fi son a ja layi a saman kalmar da ba a so, a bar ta tana karantuwa, a kan a kankare ta da wuƙa. Hujjarsu biyu ce. Kankara tana jawo zargi, don ba wanda ya san abin da aka cire. Sannan kalmar da aka soke yau, ana iya samun wani kwafin gobe da zai nuna ita ce daidai. Idan kuma mai kwafi ya ga abin da yake shakka a asali, ba ya taɓa shi: ya rubuta shi yadda yake, ya sa alamar "kaza" a kai, ya faɗi ra'ayinsa a gefe.

Littattafan wannan yanki ba a ɗinke su. Warƙa-warƙa suke, a tsakanin tadarishi biyu, an ɗaure da igiyar fata. Amfanin haka shi ne ɗalibai goma na iya raba littafi ɗaya su kwafa lokaci guda. Illarsa kuma iska ɗaya ta isa ta hargitsa shi. Shi ya sa a ƙasan kowace warƙa, can a kusurwar hagu, marubuci ke rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da wannan 'yar kalma ake mayar da littafin da ya watse.

Ɗigo da ramzi

Rubutun nan dangin na Magrib ne, kuma ya bambanta da na Gabas a wuraren da ke ruɗa baƙo. Harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake. Ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Wanda ya yi karatu da bugun Masar ko Beirut, idan bai kula ba, duk ƙaf ɗin da ya gani fa zai karanta.

Lissafin ramzi ma haka. Marubuta kan ɓoye shekara a cikin kalma, kowane harafi da adadinsa. A tsarin Magrib shin 1000 ne, a na Gabas 300. A ɗauki haruffa uku, shin da ra da fa. A lissafin malamin Agadas 1000 da 200 da 80 ne, wato 1280 bayan hijira, daidai da 1863 ko 1864. Mai lissafin Gabas zai samu 580, ya jefa littafin baya da shekara 700 cif. Ba alƙalamin marubuci ne ya yi kuskure ba a nan, mai karatu ne ya zo da ma'aunin wani wuri.

Sunayen Abzinawa sun fi kowane abu shan wahala. Suna na Tamajak da aka rubuta da haruffan Larabci babu wasali, duk wanda ya zo da irin karatun da zai yi masa. Shi ya sa sunan sarki ɗaya ke fitowa da siffa biyu ko uku a littattafan tarihi.

Tarihin sarakuna da gyaran da ba a sa wa alama ba

Mafi shahara a rubuce-rubucen garin shi ne tarin takardun da masana ke kira Tarihin Agadas. A ciki akwai jerin sarakuna, da labarin kafuwar sarauta, da abubuwan da Abubakar ɗan Ɗahir Tashi, mutumin ƙarni na 17, ya rubuta game da zamaninsa. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallakar Ingila a Katsina, ya buga wani ɓangare da Turanci a 1910. Yves Urvoy, hafsan sojan Faransa, ya buga fassarar Faransanci a 1934. Masanin tarihin Nijar Djibo Hamani ya koma kan matanin Larabcin a babban littafinsa kan sarautar Abzin da ya fito a 1989, ya gwada shi da abin da ke bakin dattawa. Ko asalin sarki na farko bai zo da murya ɗaya ba: labarin baka ya ce daga Santambul aka ɗauko shi, rubutun kuma ya ambaci ƙasar Sattafan.

A 2016 Benedetta Rossi ta buga wani nazari a mujallar History in Africa da ya tayar da wata tambayar daban. Ta gwada waɗannan takardu da wasu na ƙasar Adar, ta kawo hujjar cewa an taɓa wasu sassansu a shekarun farko na ƙarni na 20, lokacin da Faransawa ke kafa mulki suna tambayar wa ke da iko da wace ƙasa. A irin wannan lokaci, layi ɗaya a takardar tarihi na iya ba wani gida sarauta ya hana wani. Idan hujjarta ta tabbata, to gyara ne da ba a sa masa alama a gefe ba, wanda shi ne ainihin abin da Alƙali Iyal da takwarorinsa suka guda. Hanyar da ta bi ta gano shi kuwa ita ce tsohuwar hanya, a ajiye kwafi kusa da kwafi a bi layi-layi.

Muƙabala tana bukatar kwafi fiye da ɗaya, da kuma mutanen da suka san littafin. Agadas ta yi babbar asarar mutanen a 1917. Kawusan, jagoran mayaƙan Abzinawa, tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye barikin Faransawa daga Disamban 1916 har farkon Maris na 1917. Da dakarun ɗauki suka iso daga Damagaram, ramuwar gayya ta faɗa kan garin, aka kashe mutane da yawa, ciki har da malamai. Jama'a suka watse kudu. Tagama ya rasu a kurkuku a Damagaram a 1920. Malamin da ya haddace littafi, ya san inda kowane kwafi ya karkace, idan ya tafi ba a maye gurbinsa da takarda.

Kyamara ta shigo

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Boubou Hama, shugaban majalisar dokokin Nijar, ya dage wajen tattara littattafan hannu daga sassan ƙasar, wasu na asali, wasu kwafi. Wannan tarin ne ya zama tushen sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda ake da littattafai kusan 4,000. Gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta fara buga kundin jerinsu a 2004. A wannan shekarar ce kuma babban ɗakin karatu na Birtaniya ya buɗe shirinsa na ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari a ƙasashen duniya, wanda a 2018 ya fitar da littafin jagora mai suna Remote Capture don masu aikin a wurare masu wuya. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya.

Mai kyamara shi ne sabon mai kwafi, kuma kurakuransa 'yan uwan na da ne. Yana iya tsallake warƙa, ko ya ɗauki ɗaya sau biyu, ko ya jera hotunan daga hagu zuwa dama. Ƙari a kan haka akwai abin da manhajar gyaran hoto ke yi da kanta. Umarnin datse gefe yana neman inda babban rubutu ya ƙare ya yanke sauran, a nan kuwa gyare-gyaren malamai suke, da kalmar da ke haɗa warƙa da warƙa. Umarnin mayar da hoto baƙi da fari na iya dusashe jan wasali ya shafe hamzar rawaya. Umarnin share ƙura yana bin ƙananan ɗigo yana gogewa, bai san ɗigon fa da ƙaf ba. Garin neman gira sai a rasa ido. Shi ya sa ƙa'idar masu adana takardu ita ce a ajiye hoton asali a tsarin TIFF ba tare da an taɓa shi ba, da ma'aunin launi da na tsawo a gefensa, duk wani gyara kuma a yi shi a kan kwafi.

Mai aikin ba ya ganin cikin manhaja. Abin da ya sani game da ita shi ne abin da littafin jagorarta ya gaya masa. Idan jagorar ta ce wani umarni ba ya taɓa rubutu alhali yana taɓawa, ko aka buga lambar saiti ba daidai ba, kuskuren zai bi hotuna dubbai kafin a farga.

An ga misalin haka a watan Agustan 2013. Wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya lura cewa wasu injunan ɗaukar hoton takardu na kamfanin Xerox suna canza lambobi a zanen gini, kuma a wasu takardun 6 na komawa 8. Dalilin shi ne wata dabarar matse hoto mai suna JBIG2, wadda ke neman siffofi masu kama da juna ta ajiye ɗaya ta maimaita ta a gurbin sauran. Da farko kamfanin ya ce matsalar ta tsaya ga saiti ɗaya ne, kuma akwai gargaɗi a kansa. Da aka ci gaba da gwaji sai aka ga tana faruwa a sauran saitin ma. Kamfanin ya amsa, ya fitar da gyara. Hoton da injin ya fitar tsaf yake, babu alamar taɓawa, irin aikin mai kwafin nan da ke musanya kalmar da bai sani ba da wadda ya sani.

Masu manhajojin da kowa ke da damar gyarawa, irin su GIMP da ImageMagick da Tesseract mai karanta rubutu daga hoto, sun iso ga ƙa'idar da ta yi kama da ta zaure. Littattafan jagorarsu a buɗe suke. Wanda ya ga harafi ya faɗi ko umarni ya tsufa, ya aika da gyara, wani ya duba ya amince, sannan a shigar. Tsarin Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ajiye tsohon layin da sabon, da sunan mai gyara da ranar da ya yi. Ba a kankare komai. Gyaran harafi ɗaya a jagora na samun shaida irin wadda babban gyara ke samu, domin a layin umarni, ɗan ja guda da ya ɓace ya isa ya hana aiki tafiya.

Ga rubutun wannan yanki, aikin da sauransa. Sai a 2016 ne tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ƙara siffofin fa da ƙaf da nun irin na Afirka. Ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa biyu don ajami, Harmattan da Alkalami, na biyun an gina shi ne a kan irin rubutun Kano. A ɓangaren boko, manhajar karanta hoto da ba a horar da ita da Hausa ba takan zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausarta a hukumance a 1999 da harafin ƴ, inda Nijeriya ke rubuta 'y, bambancin da ya isa ya sa bincike a kwamfuta ya kasa gano kalma ɗaya a takardun ƙasashen biyu.

Yawancin jagororin waɗannan manhajoji da Turanci aka rubuta su, kaɗan da Faransanci, kuma da shafin bugun ɗab'i a zuciyar masu rubutawa, ba warƙar da ke da sharhi a kusurwa huɗu ba. Waɗanda suka san abin da ya kamata a ƙara a ciki suna unguwannin tsohon garin Agadas, da In Gall, da Tawa, da Katsina: malaman da ke gane ƙaf mai ɗigo ɗaya da kallo guda, suka san shin 1000 ne, suka san 'yar kalmar kusurwar hagu ba datti ba ce. Aikin ɗaukar hoton da za a dogara da shi yana bukatar ɗayansu a zaune kusa da mai kyamara, littafin a gabansa, hoton a allon kwamfuta, su bi warƙa-warƙa kafin a mayar da littafin cikin gafaka a miƙa wa masu shi.